Kwaɗo a Pampon Majami'armu

Malam mai gabatar da shiri, salama gare ka da masu sauraro. Ni ne Bulus, mai aikin garka a Gure.

Wata Lahadi da safe na ga Ya Falmata, tsohuwar da ke maƙwabtaka da majami'armu, tsaye da jarka biyu gaban pamponmu. An sa masa kwaɗo. Tun zamanin tsohon fasto pampon nan na kowa ne, Kirista da Musulmi, har makiyaya. Ta ce mini, "Ɗana, addininku ne ya hana, ko ku ne?"

Na zaga baya, sai ga tiyo an ja daga bututun, yana shayar da salatin dattijon ikilisiyarmu, wanda ya sa kwaɗon. Shi kuwa yana ciki yana wa'azin ƙaunar maƙwabci. Da na yi masa magana bayan sujada, ya ce, "Yaro, albarka ce Ubangiji ya ba ni."

Wata uku ke nan ina haƙuri, tsohuwa tana gangara kwari neman ruwa. Ku ba ni shawara: in fasa kwaɗon, ko in bar majami'ar? Kada ya ce sharri na yi masa. Mamman mai shayi ya gani, matar dattijon ma tana wurin, ta sunkuyar da kai.