Man Injin Ban Ruwa a Motar 'Yan Sanda

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barkanka da aiki. Ni ne Ɗanlami, manomin tumatir daga yankin Bunkure. Wallahi da fargaba nake rubuto maka.

Makon da aka yi zanga-zangar ƙarin kuɗin mai a Kano, an kwashe 'yan sandan yankinmu an kai su birni, aka bar mana kofur ɗaya, dattijo. Ranar Talata da la'asar wasu mutane a kan babura suka tare yayana Haruna a bakin kanal, suka sare shi da adda a hannu, suka tafi da babur ɗinsa.

Muka garzaya caji ofis. Kofur ya nuna mana motarsu ya ce, "Ku yi haƙuri, 'ya'yana, babu ko ɗigon mai. Duk an ƙone shi a sintirin birni. Abokan aikina ma a titi suke kwana, ba alawus."

Malam, da tiyo muka zuƙo mai daga injin ban ruwana muka ɗura wa motar hukuma! Kafin ta tashi, ɓarayin sun yi nisa.

Yanzu ba mai zuwa ban ruwa shi kaɗai, da mun ji ƙarar babur gabanmu ya faɗi. Ga shi ana cewa za a sake fita zanga-zanga.

Ina gaida Yaya Haruna, Allah ya ba shi lafiya. Masu sauraro ku ba mu shawara: ɗan man da ya rage mana, tumatir za mu shayar da shi, ko mu ajiye wa kofur?