Tukunyar Likita Kuang Tana Gidana

Shugaban kwamitin unguwa, Dattijo Dou. Wakilan ƙungiyar masu maganin gargajiya ta gundumarmu. Uwargidan marigayi, Yaya Lanfen. Ɗansa Rui da iyalinsa. Maƙwabta manya da yara, sannunmu da haƙuri.

Ni ce Lei mai taliya ta bakin gada. An ce in yi magana da bakin mutanen layinmu, yau da Likita Kuang Boyan ya cika kwana arba'in da tara da rasuwa, wai don na fi kowa murya. Ban musa ba.

Ya kasance mutum marar gaggawa. Sai ya dubi harshenka, ya saurari numfashinka, ya tambayi barcinka da abin da ka ci, sannan ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunka, ya yi shiru har ka zaci gyangyaɗi yake. Wata shekara ni da Pang mahauci muka je masa da tari iri ɗaya, ya haɗa mana magani daban-daban. Pang ya ce, "Likita, nata ya fi nawa ƙamshi. Son kai ne ko me?" Ya ce, "Kai sanyi ne ya shige ka, ita kuwa wuta ta yi mata yawa. Sha nata ka gani, gobe ɗauko ka za a yi." A kan wannan ya tsaya duk rayuwarsa: zafi da sanyi zaman tare suke a jiki, su ne ake kira "yang" da "yin", ciwo kuwa yana zuwa ne idan ɗaya ya danne ɗaya.

Ya kasance mai cewa a tare cuta tun tana hanya. Kun san yadda muke zubar da saiwoyin maganin da aka gama dafawa a ƙofar gida, don masu wucewa su tattake ciwon. Shi kuwa kullum da safe sai ya bi layi yana tona su da sandarsa, ya gane wa ke kwance, me kuma ake ba shi. Da yawanmu nan mun sha jin ƙwanƙwasarsa tun ba mu aika masa ba.

Ya kasance ba ya raba zuciya da jiki. Ya taɓa ce mini, "Lei, fushi hanta yake ci. Ki rage yi wa mijinki ihu." Na ce, "To ka ba shi maganin wauta mana!" Ya ce wannan kam babu shi a kantinsa. Ya kuma sha gaya mana cewa baƙin ciki a huhu yake sauka.

Yaya Lanfen, ke kin fi mu jin wannan maganar. Tun ranar jana'iza ba ki taka ƙofar gida ba, shi ya sa yau ma a tsakar gidanki muka taru. Muna jin tarinki ta katanga. Rui ya haɗa miki magani kamar yadda ubansa ya koya masa, amma har yau ba wanda ya ga saiwa ko ɗaya a ƙofarki. Kin ce tukunyar marigayi ba ta gida, kuma ba za ki sha daga wata ba.

Gaskiyarki. Baƙar tukunyar ƙasar nan mai hannu ɗaure da waya, wadda ta zaga kowane gida a layin nan, tana wurina. Shi ya ara mini da bazara. Kin kuma san al'ada: ba a mayar da tukunyar magani, kai wa mutane ciwo ne har gida. Masu ita ne ke zuwa su ɗauka. Rui ya zo, na hana shi. Ya ce, "Goggo, ke dai kin cika rigima." Na ce, "Je ka, uwarka nake jira." Ka yi haƙuri, Rui, da gangan na yi.

Yaya, tsoro nake ji, kuma ba ni kaɗai ba. Mun rasa ɗaya a gidan nan, ba za mu iya rasa biyu ba. Na wanke tukunyar, tana kan taga. Ki tako da ƙafarki ki ɗauka, ki zauna ki sha romo mai zafi kafin ki juya.

Mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Likita Kuang kuwa, kakanninsa su tarbe shi da shayi mai ɗumi, su ba shi wurin hutawa. Mu da muka rage, Mai Sama ya nuna mana safiyar da za mu tattake saiwoyi a ƙofar Yaya Lanfen.