Motar da ta hana ni jana'izar Baba

Salamu alaikum mai gabatarwa da masu sauraro. Daga Gaya nake rubuto muku, raina a ɓace.

Bara na sayo ƙaramar motar okaziyo, wato ta hannu, daga Kwatano saboda araharta. Tun zuwanta, ta fi kwana a garaji. Yau birki, gobe injin, kayan gyaran kuma duk jabu.

Ran Juma'a da hantsi yayata ta kira ni tana kuka: "Baba ya rasu, taho gida Dioundiou, ana jiranka." Kwana ɗaya kafin nan, ran Alhamis, makanike ya ce mini, "Alhaji, na gyara ta, ko Agadas ne tafi."

Na shiga motar na kama hanya, a tsakiyar daji ta yi hayaƙi ta mutu. Na bar ta na hau kabu-kabu. Ina isa, mutane na dawowa daga maƙabarta. Baffana ya riƙe hannuna ya ce, "Mun jira ka, ɗana, har rana ta take."

Da na koma wa makaniken, cewa ya yi, "Mota ce, haka take."

Ku ba ni shawara. In sayar da ita in cuci wani bawan Allah, ko in bar ta ta ruɓe a dajin? Ni dai ba na son sake ganinta.