Kantar Alfa Jumare

YACOUBA: Alo? Salamu alaikum. Balkissa, darakta ta laburaren Zongo?

BALKISSA: Wa alaikumus salam. Yaya Yacouba! Ina wuni?

YACOUBA: Lafiya lau. Ya aiki? Ya yara?

BALKISSA: Alhamdu lillahi. Ya mutanen Nyékonakpoè? Ya ƙafar Mariyatu?

YACOUBA: Da sauƙi, ta fara takawa. Ya kuka ji da ruwan jiya?

BALKISSA: Kai, bari kawai. Har cikin laburare ya shigo. Shi ya hana ni zuwa taron daraktoci, ina ta kwashe littattafan yara daga kantar ƙasa. Ko zemijan, mai babur ɗin haya, bai yarda ya shigo layinmu ba. Me aka tattauna?

YACOUBA: Bon, akwai labari mai daɗi. Masu tallafin nan sun amince. Kowane laburare zai samu kwamfutoci, da fenti, da fanka.

BALKISSA: Da me? Rezon waya yana yankewa.

YACOUBA: Fanka! Fanka ta sama!

BALKISSA: Alhamdu lillahi! Tsofaffina masu zuwa karatu za su huta da fifita da jarida. To, me ya sa muryarka take haka?

YACOUBA: Kin ci abinci kuwa?

BALKISSA: Yaya Yacouba, kai ka koya mini aikin nan. Na san ka. In ka fara tambayar abinci, akwai magana.

YACOUBA: To. Kwamfutocin suna bukatar wuri. An ce kafin su iso sai an yi dezerbaj.

BALKISSA: Cire ciyawa. Ai muna yi duk shekara, muna fitar da littattafan da suka yage da waɗanda gara ta ci.

YACOUBA: Wannan karon ba mu za mu zaɓa ba. Kwamiti ne zai zagaya. Duk littafin da ba a ara ba cikin 'yan shekarun nan, a fitar da shi. Kuma da aka zo kan Zongo, an ce kina da kanta guda cur da ko sau ɗaya ba a taɓa aron komai a cikinta ba.

BALKISSA: Inna lillahi. Kantar Alfa Jumare.

YACOUBA: Ita.

BALKISSA: Amma ai ita ce kantar da aka fi karantawa a ɗakin nan! Kullum bayan la'asar tsofaffin unguwa suna zuwa da alwalarsu, su shimfiɗa tabarma, ba sa tashi sai magariba.

YACOUBA: Na faɗa musu.

BALKISSA: Wakafi ne! Kafin Alfa ya rasu ya ce littattafansa na Larabci da na ajami na kowa ne, amma kada ɗaya ya ƙetare bakin ƙofa. Wa zai ara? Ko ni na miƙa wa ɗaya daga cikinsu, kamar Malam Moumouni, na ce ya je gida da shi, mayar mini zai yi, ya kuma yi mini wa'azi.

YACOUBA: Duk na yi bayani, wallahi. Suka ce su aro suke dubawa, zaman tabarma ba ya shiga lissafinsu. Ba mugunta ba ce, Balkissa. A laburaren Bè da na Kégué haka ake gane littafin da ya mutu.

BALKISSA: In sun kwashe, ina za su kai?

YACOUBA: Masu kyau a raba. Sauran a sayar a kilo.

BALKISSA: A kilo? Da sunan Allah a ciki, a ƙunshe ƙosai da su? Yaya, ni na je har gida na yi wa Hajiya Asiyatu alkawari. Littattafan mijinta ne, ba ta da ɗa, su kaɗai ya bar mata. Na ce mata muddin ina nan... alo?

YACOUBA: Ina jin ki. Wani ya ce mini ki buga musu hatimin aro kawai, da tsohon kwanan wata.

BALKISSA: In yi ƙarya a kan littattafan Alfa? A'a.

YACOUBA: Na san haka za ki ce. To saurara, kiredin wayata ya kusa ƙarewa. Ranar Alhamis da safe za su zo. Akwai abu ɗaya da duk ɗan laburare ya sani, su ma sun sani: ba a karɓe littafi daga hannun mai karatu.

BALKISSA: Kana nufin...

YACOUBA: Su tarar da kantar babu komai, kowane littafi yana hannun mutum. Su gani da idonsu.

BALKISSA: Tsofaffina ba su kai yawan littattafan ba. Kuma da safe rabinsu suna kasuwa.

YACOUBA: Ki yi wa liman magana. Mata ma su zo.

BALKISSA: Wayyo, ga Hajiyar nan ta shigo da tsummanta. Kullum sai ta zo ta goge kantar. Kuma ni na ce mata in tallafi ya zo za a saka wa littattafan gilashi. Hajiya, sannu da zuwa... e, shi ne... Yaya, wai sai ta gaishe ka.

YACOUBA: Balkissa, kada ki ba ta... 

HAJIYA ASIYATU: Salamu alaikum, ɗana. Kai ne na gilashin?

YACOUBA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina wuni? Ya ƙarfin jiki?

HAJIYA ASIYATU: Da godiya. Allah ya yi maka albarka. Da Alfa yana raye da ya ji daɗi, ƙura ce kullum damuwarsa. Yaushe za a kawo?

YACOUBA: Hajiya, gilashi da saura tukuna. Wata alfarma nake nema. Ranar Alhamis da safe ki zo laburare, ki zo da duk wadda kika samu. Baƙi za su zo. Kowa ya ɗauki littafin Alfa guda ya riƙe, kada ya ajiye sai sun tafi.

HAJIYA ASIYATU: Ɗauke su za a yi?

YACOUBA: Shi ne muke so mu hana.

HAJIYA ASIYATU: To. Amma ɗana, ni ban iya karatu ba. Gogewa kawai na iya.

YACOUBA: Ni ma makarantar Faransanci na yi, Hajiya, ko alif ban... Zan rufe nawa laburaren in zo. Ki ajiye mini wuri kusa da ke, ki nuna mini wanda Alfa ya fi...

HAJIYA ASIYATU: Mai jar fatar nan. Shi ne a hannunsa ranar da... Alo? Ɗana? Balkissa, karɓi abinki, layin ya yanke. Ina ake alwala a nan, saboda matan da zan kawo su riƙe littattafan?