Likitan da Aka Ce a Mai da Manomi

A tashar jirgin ƙasa ta Poltava, zamanin sarakunan Rasha, Panas ɗan Yukren ya zauna kusa da wani ɗan Mosko, kowa da rubutun wasan kwaikwayonsa a cinya.

"Masu tace littattafai sun gama da ni," in ji ɗan Moskon. "Likitan wasana ya soki gwamna, suka datse masa baki."

"Ka ci sa'a, ɗan'uwa. Nawa likitan bai soki kowa ba. Wai mai ilimi ba ya magana da harshenmu na Yukren, in mai da shi manomi."

"To, mai da shi mana. Mu ma da lanƙwasa muke tsira."

Panas ya shafa takardun. "Likitan nan mahaifina ne. Da harshen nan ya duba marasa lafiya har ya rasu. Ni zan miƙa masa fartanya?"