Buhun Waken Suya

A tashar Birnin Kudu, wani dattijo mai buhu ya dubi ƙaton saurayin da ke rungume da gwangwani.

"Samari, madara ce?"

"A'a Baba, garin gina jiki ne, mu masu ɗaga ƙarfe muke sha. Da waken suya ake yin sa."

"To ai shi ne a buhun nan, ni na noma a Kwandiko. Kama min mu ɗora a mota."

"Wallahi Baba yau ranar hutuna ce. Mai koya mana ya ce in ban huta ba, damtsen ba zai fito ba."

Dattijon ya sunkuya, ya cicciɓi buhun shi kaɗai.

"Huta abinka, yaro. Ni koko na sha da safe."