Algaitar Faransa Ta Raba Kakata da Ƙawarta

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Modu, daga Wulari.

Ni da maƙwabcinmu Malam Bitrus, tsohon malamin Faransanci, mukan yi musayar kiɗa a waya. Ni in tura masa ganga da algaita, shi ya turo min gogen Turawa da waƙoƙin Faransanci. Ranar Asabar ya turo min kiɗan Breton, wata ƙabila ce a Faransa mai yarenta daban. Abin busarsu sak algaitarmu.

Na kunna a zaure, na ƙure murya. Kakata ta jiyo daga ɗaki, ta ɗauka biki ake yi a gidan ƙawarta Ya Falmata da ke jikin gidanmu, ba a gayyace ta ba. Tun ranar ta daina amsa gaisuwarta.

Na kai mata wayar na sake kunnawa, na ce, "Kaka, Turawa ne ke busawa."

Ta ce, "Ina Bature ya san algaita? Falmata ce ta turo ka."

Shekara arba'in suna tare. Masu sauraro, ina neman shawara. Kai kuma mai gabatarwa, don Allah ka faɗa mata da bakinka. Rediyo kaɗai Kaka take yarda da shi, yanzu haka ma tana jin ka.